Mai Ɗinka wa Kogi Zane

An haifi Gyarsi a Ranjiri, a gaɓar arewa ta kogin Narmada, a gidan masu fito. Ubanta fito yake yi, kakanta ma da gorar tuƙi a hannu ya tsufa. Yaran gidan kan iya iyo kafin su iya magana sosai, kuma ba wanda ke kiran kogin da sunansa tsirara. Inna ake cewa. Inna ta cika, Inna ta janye, yau Inna tana fushi kada kowa ya shiga.

Abin da ta fara riƙewa a duniya shi ne wani bikin haihuwar Inna, a watan Mag na ƙidayarsu, lokacin da sanyi ke sa ruwa ya yi ta hayaƙi da safe. An jera su a kan tabarma su ƙananan 'yan mata, an shafa musu jan gari a goshi, domin a ranar kowace yarinya Inna ce, kuma ba mai cin abinci sai an ciyar da su. Wani babban manomi mai gashin baki, wanda ubanta ba ya iya haɗa ido da shi, ya durƙusa ya wanke mata ƙafafu, ya ɗora goshinsa a kansu. Gashin bakin ya yi mata cakulkuli, ta fashe da dariya. Uwarta ta zare mata ido daga nesa, amma tsohon malamin bauta ya ce a bar ta, ai Inna ce ta yi dariya, bana za a yi albarka.

Da rana ta take tsaka sai aka fito da zanen. Al'adar garuruwan biyu ce, Ranjiri da Amlipura da ke kallonta daga kudu, a yafa wa Inna zane daga gaɓa zuwa gaɓa. A wancan zamanin ƙulla zannuwan ake yi baki da baki. Ana kaiwa tsakiyar ruwa ƙulli ɗaya ya kwance, rabin zanen ya bi ruwa yana birgima, maza suka bi shi da kwalekwale suna ihu. Mutane suka yi ta dariya. Gyarsi kuwa kuka ta yi, ita kanta ba ta san dalili ba.

Da ta isa aure, Mangilal ne ya fito. Ta daɗe da saninsa. Manomin kankana ne a Amlipura, irin masu shuka a kan yashi in ruwa ya janye, kuma duk kasuwa sai ya hau jirgin ubanta da kayansa. Mutum ne mai surutu. Yakan fara labari a wannan gaɓa, a kai waccan bai kai rabi ba, har ubanta ya ce da surutu na tura jirgi da ya huta da gora. Gyarsi kuwa sai ta wuni ba ta yi magana mai tsawo ba. Matan unguwa suka ce an dace, gida ɗaya ba ya ɗaukar baki biyu irin na Mangilal.

Cikin kayan da aka kai ta da su akwai keken ɗinki, tsoho, baƙi, mai zanen furanni da suka fara gogewa, wanda ubanta ya samo daga wani tela da ido ya gaza. An ɗaure shi a tsakiyar jirgi, an rataya masa furanni. Mutanen Amlipura da suka taru a bakin ruwa, keken suka fi kallo a kan amarya.

Shekarar farko da ta yi a gidan miji, bikin na matsowa, ta je wurin matan da ke tara zannuwa ta ce a ba ta ta haɗa.

Kesar Bai, maƙwabciyarta, wadda bakinta ba ya da ƙofa, ta dube ta sama da ƙasa. "Ke amarya, kin san tsawon Inna kuwa? Ba rigar mijinki ba ce fa."

"A bakinta aka haife ni, Yaya."

"To ji mana. Ashe tana magana!"

Aka ba ta. Daga wannan shekara aikin ya zama nata, ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya taɓa tunanin karɓewa. Wata guda kafin biki mata za su fara sallama a ƙofarta, kowace da sabon zane a hammata. Wannan ta sami haihuwa bayan dogon jira. Waccan saniyarta ce ta tashi daga ciwo. Wata ɗanta ya sami aiki a birni. Wata kuma ba za ta faɗi komai ba, za ta ajiye zanen ta juya da sauri, Gyarsi ba ta tambaya. Ja ne ya fi yawa, sai rawaya, sai ruwan lemo, wani da bakin zaren zinariya mai walƙiya, wani na talaka mai shara-shara. Ba ta ware na mai kuɗi gefe guda. Yadda launi ya kira launi haka take haɗawa.

Kwanakin nan gidan yakan koma wani abu daban. Zane ya sauko daga kan keke ya cika ɗaki, ya bi ta ƙofa ya kwanta a tsakar gida, ya hau igiyar shanya, ya lanƙwaso ta gindin darbejiya. Hasken da ke shigowa ɗakin ma ja yake zama. In ta daɗe tana taka keke sai ta ji kamar ba ita ke tura zanen ba, shi ke gudana da kansa ta ƙarƙashin yatsunta, ita kuma tana zaune a bakin gaɓa tana kallo. Mangilal kan tsaya a ƙofa da ƙafa ɗaya a sama, yana neman inda zai taka.

"Yau kuma ta ina ake fito a gidan nan? A kira min jirgi!"

"Ka bi ta bayan ɗaki. Kuma ka wanke ƙafarka."

'Ya ɗaya suka samu, Sarju. Haihuwarta ta zo da wuya, zazzaɓi ya biyo baya, Gyarsi ta yi kwanaki ba ta san inda take ba. Abin da take iya tunawa kawai shi ne tana kwance a ƙasan ruwa mai haske, ba ta jin tsoro, wata mace mai jan zane zaune a kan kada tana tsefe mata kai. Da ta farfaɗo ta ba da labari, tsofaffi suka haɗa tafin hannu suka ɗaga sama, suka ce Inna ce. Mangilal kaɗai ne bai ce komai ba, abin da ba a saba gani ba.

Sai da Sarju ta girma har ta fara taya uwarta sa zare a allura sannan dalilin shirun nan ya fito. Amlipura tana kan hanyar masu kewaya Inna, mutanen da ke sa fararen kaya su bi gaɓa da ƙafa har teku, su juyo ta ɗaya gaɓar har mafarin kogin, su dawo inda suka tashi, shekara uku da ɗoriya. Kullum suna wucewa, ana ba su gari da gishiri. Wata safiya wani ayari ya wuce, Mangilal ya tsaya yana kallonsu har suka ɓace. Ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da keke.

"Uwar Sarju, tsayar da abin nan, magana zan yi."

"Yaushe ka taɓa jiran in tsayar?"

"Lokacin da kika kwanta ciwon nan, na je bakin ruwa na yi wa Inna alkawari. Na ce in ta bar min ke, zan kewaya ta da ƙafata."

Ƙafarta ta tsaya a kan keken. "Tun yaushe?"

"Tun lokacin."

"Kai da ba ka iya riƙe zancen farashin kankana daga nan zuwa kasuwa, ka riƙe wannan shekara da shekaru?"

"Tsoro nake ji. Kullum sai in ce baɗi. Yanzu gwiwata ta fara ƙara. In na ƙara jira, sai dai a ɗauke ni a kai."

Ranta ya ɓaci, kuma ba ta san da wa za ta yi faɗa ba, da shi ko da Inna. Daga baya ta jawo farin yadi ta auna kafaɗarsa da tafin hannu, ta ɗinka masa riguna biyu da jaka.

Ya tashi bayan damina. Malamin bauta ya cika masa 'yar kwalba da ruwan kogi, ya faɗa masa dokoki: ba aski, ba takalmi, ba gado, Inna kullum a hannun dama, kuma duk abin da zai faru ba ya ƙetare ta sai can bakin teku inda ta ƙare. Ya bi gaɓa ya yi yamma yana waige, yana ɗaga wa mutane hannu, yana ba da sallahu a kan gonarsa har muryarsa ta daina kaiwa.

Gidan ya yi shiru irin wanda Gyarsi ba ta taɓa zaton zai dame ta ba. Ƙanenta Tikaram, wanda ya gaji jirgin ubansu, yakan ƙetaro ya taya ta haƙa ramukan kankana. Duk mai farin kaya da ya tsaya a ƙofarta sai ta cika masa mudu fiye da na kowa, tana cewa a ranta wata ma can tana cika wa nata. Biki ya zo ya wuce. Wata damina ta zo, lokacin da masu kewaya ke zama wuri ɗaya har ruwa ya ɗauke. Wani direban mota ya ce ya ga mai kama da shi a wani gari kusa da teku, ya tara mutane yana ba su labari. Kesar Bai ta ce, "Shi ne. Ko ba a faɗi suna ba shi ne."

Biki na biyu bayan tafiyarsa ya zo da hazo mai kauri. Har hantsi ba a ganin Ranjiri daga Amlipura, sai dai a ji ƙararrawarsu na tasowa daga cikin fari kamar daga wata duniya. Mata suka sauko da zanen a jere, kowace ta ɗora wani sashe a ka, layin ya taso daga ƙofar Gyarsi har bakin ruwa. Aka zuba wa Inna madara, aka fasa kwakwa, aka busa ƙahon katantanwa. Kwalekwale suka jeru. Gyarsi ta shiga na gaba, na Tikaram, da bakin zanen a cinyarta kamar yadda ta saba.

Suna tafe zanen na warwarewa a bayansu, masu jiragen baya na tallafe shi kada ya sha ruwa. Da suka kai tsakiya ta waiga, ba Amlipura, ta duba gaba, ba Ranjiri. Su kaɗai a cikin farin hazo, da jan hanya da ta fito daga inda ba a gani. Ruwa kwance lamo. Furannin da aka watsa suna wucewa a hankali ta gefen jirgi. Ta ji da za a bar ta a nan, ba gaba ba baya, da ba ta ƙi ba.

Sai rana ta huda hazon, gaɓar Ranjiri ta fito da mutanenta. A gaban taron akwai wani mai fararen kaya tsaye cikin ruwa iya gwiwa, baƙi ƙirin, ramamme, gemu har ƙirji, gashi a dunƙule. Gyarsi ta ɗauke kai, don irinsu ba sa rasuwa a ranar biki. Mutumin ya buɗe baki.

"Tikaram! Har yanzu ba ka iya tuƙi ba? Tun ɗazu nake jin kana zagaye wuri ɗaya kamar jakin niƙa!"

Tikaram ya saki gora, da ƙyar ya cafke ta. Gyarsi ta ja mayafinta ta rufe fuska, ta sake buɗewa, ta dubi rigar da ke jikinsa. Ɗinkinta ne, sai dai kafaɗar ta yi masa yawa yanzu.

"Narmade Har, uwar Sarju," ya yi mata gaisuwar masu kewaya Inna, murya ƙasa-ƙasa.

"Narmade Har." Ta ƙare masa kallo. "Wa ya cinye maka rabin jiki?"

"Hanya. Ta ce bashi ne, za ta mayar."

"Wannan gemun fa? Tsuntsaye sun yi ƙwai a ciki ko tukuna?"

"Na yi sauri kwana da kwanaki don in riski yau, abin da za ki ce ke nan?"

Ta miƙa masa bakin zanen, ya karɓa da hannu biyu, ya ja shi zuwa tudu mutane na taya shi. Zanen ya miƙe daga gaɓa zuwa gaɓa, iska ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗaga shi, inuwarsa ja ta kwanta a kan ruwa. Gangunan ɓangarorin biyu suka tashi tare.

A gidan da aka haife ta suka ci abinci, shi a ƙasa a kan ganye kamar yadda doka ta ce. Tikaram ya koma ya ɗauko Sarju, wadda ta tsaya daga nesa tana kallon baƙon, sai da ya kira ta da sunan tsokanar da yake kiranta sannan ta rugo. Ya ba su labarin teku, inda Inna ke buɗewa har ba a ganin ƙarshenta, da dajin da aka karɓe masa bargo da kwano aka bar shi da kwalbar ruwansa, da wata tsohuwa da ba ta da komai sai gurasar dawa ɗaya ta raba ta ba shi babban rabin. Amma Gyarsi ta lura yanzu yakan tsaya a tsakiyar labari ya yi shiru, idonsa a kan ruwa.

Da la'asar hazo ya washe sarai. Suka zauna a kan matakalar dutse, tana ɗinke masa jakar da ta yage da allurar hannu. Ga Amlipura can a fili, har darbejiyar gidansu ana gani, da saniyarsu a ɗaure.

"Rufin ɗakin girki ya zame," ya ce.

"Tun damina."

"Wa ya ce ki ɗaure saniya a rana?"

"Ga jirgi nan. Ka je ka kwance ta, ka dawo. Ba wanda zai faɗa."

Da wasa ta fara maganar, amma kafin ta ƙarasa ta ji da gaske take. Ya daɗe yana kallon gidan.

"Inna za ta sani," ya ce.

Gyarsi ta ciji zaren ta tsinke shi. "To. Sai ka yi sauri ka gama. Kankana ba ta son hannun Tikaram."

Washegari da safe ta raka shi har bayan gari, inda hanya ke shiga gonakin alkama. Ya yi gabas. Wannan karon bai waiga da yawa ba.

Ya dawo bayan shekara biyu, ta gabas, a gaɓarsu, ranar da ba wanda ke tsammani. Tana shanya ta ji muryarsa yana cewa a ba matafiyi ruwa. Aka yi masa aski, aka ciyar da 'yan mata, ya koma gonarsa. Naman jikinsa bai dawo duka ba, surutun ma haka. Wani lokaci da yamma yakan ce mata, "Kin san mafarin Inna ɗan tafki ne? Yaro zai iya tsallake inda take fitowa." Sai ta ce ya faɗa mata jiya. Sai ya ce ai bai gama mamaki ba.

Sun aurar da Sarju, sun ga jikoki. Suna cikin tsufa aka gina madatsar ruwa can ƙasa, aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidaje, aka ce ruwa zai kai nan. Ba wanda ya yarda sai da ya zo. Bai zo da fushi irin na ambaliya ba. A hankali ya hau, ya shanye yashin kankana, ya hau matakala ɗaya bayan ɗaya, ya shiga tsakar gida ya tsaya. Mutanen Amlipura suka koma kan tudu, cikin gidaje masu rufin kwano a jere. Mangilal da kansa ya ɗauki kan keken a kafaɗa. Wasu sun zagi gwamnati, wasu sun yi kuka. Shi dai cewa ya yi, ya bi ta shekara uku, yanzu ita ce ta biyo shi gida. Bai yi damina biyu a kan tudun ba ya rasu, aka ƙona shi a sabon bakin ruwa, aka ba Inna tokarsa.

Kogin ya yi faɗin da Ranjiri ta koma wani siririn layi a ƙarshen ido. Shekarar farko zanen bai kai ko rabi ba. Maza suka ce a haƙura, a riƙa yafa mata daga gefe ɗaya kawai. Gyarsi ta ce ba ta taɓa jin an yi wa uwa sutura rabi ba don ta yi ƙiba. Ta aika garuruwan da aka tasa, duk inda mutanensu suka watsu. Zannuwa suka riƙa zuwa a motar haya, a bayan babur, daga mutanen da ba su ga juna ba tun tashi. Sai da aka yi shekaru ana ƙarawa kafin ya kai, kuma ranar da ya kai, jirage masu inji ne suka ja shi.

Yanzu idonta ya yi hazo. Matan unguwa uku ne ke ɗinkin, da kekuna masu lantarki, ita kuwa tana zaune a kan gadon igiya suna zuba mata zanen a cinya, tana bin kowane haɗi da yatsa. In ta ji inda zare ya yi tsalle sai ta riƙe wurin ta yi gyaran murya.

"Kaka, wa zai gani a tsakiyar ruwa?" mai ɗinkin kan ce.

"Warware."

Bikin da ya wuce, Sarju ta so ta hana ta shiga jirgi saboda sanyi. Kesar Bai, wadda ba haƙori ko ɗaya a bakinta yanzu amma bakin na nan, ta ce a bar ta, in ta faɗa ruwa ma ai gida ta koma. Aka naɗe ta da bargo aka zaunar da ita a gaba. Tafiyar ta yi nisa, rana ta yi daɗi, injin na gunji a hankali. Wani wuri mai jirgin ya rage gudu ya ce, "Kaka, nan ne unguwarku." Ta leƙa. Ba ta ga komai ba sai haske na rawa. Ta sa hannu a ruwan, ta ce ya fi na bakin gaɓa ɗumi.

Kafin su kai Ranjiri barci ya ɗauke ta, kanta a jingine da kafaɗar Sarju, bakin zanen a dunƙule a hannunta. Da jirgi ya taɓa ƙasa aka rasa yadda za a yi, don ta riƙe shi gam. Masu ganga suka sassauta, mutanen gaɓa suka tsaya da hannuwa a miƙe. Sai da ta buɗe ido don kanta, ta dubi taron, ta tambaya ko an ciyar da 'yan matan tukuna, don ita yunwa take ji.